Kwano a Sama, Wuta a Ɗaki: Tsokaci a Kan Gine-ginen Unguwar Mu'azu

Bahaushe ya raba shekararsa zuwa bazara da damina da kaka da rani, a cikin ranin kuma ya ware hunturu ya ba shi suna nasa na dabam, domin kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta da irin halin da yake zuwa da shi. A Kaduna, zafin rana a watannin Maris da Afrilu yakan kai digiri 35 a ma'aunin Selshiyos, wani lokaci ya haura. Da dare a Disamba da Janairu kuwa sai ya sauko zuwa wajen digiri 15, ga ƙura ga busasshiyar iska. Tsakanin Mayu da Oktoba kuma ruwan sama na kimanin milimita 1,200 yakan sauka a kan garin. Watau ke nan gida ɗaya ake bukata ya zama laima da bazara, ya zama bargo da hunturu, ya kuma zama malafa da damina. Duk ginin da ya kasa ɗaukar waɗannan nauyaye uku, ko da an yi masa ado kamar fada, bai gama zama gida ba.

Wanda ya zaga Unguwar Mu'azu da maƙwabtanta, irin su Kinkinau da Kabala West da Tudun Wada, zai ga cewa mafi yawan gidajen ba gwamnati ta gina su ba, ba kuma wani kamfani ba. Masu su ne suka gina su da guminsu. Tarihin garin ne ya kawo haka. Kaduna ba tsohon birni ba ce mai ganuwa da Sarkin Magina kamar Kano ko Zariya. Turawa ne suka mai da ita hedkwatar Arewa bayan sun taso daga Zungeru a 1917, sa'an nan masaƙu suka biyo baya, tun daga wadda aka buɗe a Kakuri a 1957, jama'a suka yi ta kwararowa neman abinci. Mutum zai sayi fili, ko rabin fili, ya buga bulo ɗari biyu bana, ya tara yashi baɗi, ya kai linta bayan shekara uku, ya yi rufi ranar da Allah ya hore. A irin wannan gini ba safai ake ganin mai zanen gida ba. Birkila shi ne mai zane, shi ne injiniya, shi ne mai ba da shawara, kuma abin da ya gani an yi a gidan maƙwabci shi zai maimaita.

Babu wanda ya isa ya raina wannan ƙoƙari. Amma akwai magana ɗaya da ta kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba: yawancin waɗannan gidaje an gina su ne don ido, ba don jiki ba. Zafin da ke hana mutanen ciki barci ba daga Allah kaɗai yake ba, rabinsa da kuɗi aka sayo shi aka kafa a kan bango. Kuma shawarar da ke sa ɗaki ya yi sanyi ko ya zama tanderu, ana yanke ta ne tun ranar da aka ja igiyar harsashi da ranar da kafinta ya hau sama, ba ranar da aka je kasuwa sayen fanka ba.

A fara da rufi, domin nan ne babbar ɓarnar take. Kaduna tana kimanin digiri 10 da rabi ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana takan bi ta tsakar ka sosai sau biyu a shekara, a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. Ta Agusta gajimare yakan rufa asiri, ta Afrilu kuwa babu mai tare ta. A gida mai hawa ɗaya, rufi ne ke karɓar kaso mafi girma na wannan zafi. Kwano ƙarfe ne siriri, ba ya riƙe zafi, ba ya kuma hana shi wucewa. Da tsakar rana fuskarsa takan haura digiri 60, musamman in launinsa mai duhu ne, sai ya riƙa feso zafin nan ƙasa kamar kaskon suya da aka kife a kan mutane. Abin mamaki, launin da aka fi yayi yanzu shi ne baƙi da ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu, alhali ko yaro ya san ba a sa baƙar riga a shiga rana da bazara. Daɗin daɗawa, an shigo da yayin rufi mai tsini, wanda tsayinsa kan kusa kai tsayin bangon da ke ɗauke da shi. Irin wannan rufi a ƙasashen da ƙanƙara ke zuba yake da dalili, don ta zame ta faɗi. A nan kuwa katako da kwanon da ya ci sun isa su yi wa gidan duka silin mai kyau har a sami canji. Da ma an bar masa kafofin da iska mai zafi za ta fita ta sama, da tsayin ya yi rana, to amma an toshe ko'ina, iska ta taru a ciki tana dahuwa tun hantsi har la'asar, silin ɗin roba ko na filasta da ke ƙarƙashinta kuma ba shi da kaurin da zai tare ta.

Bango shi ma da nasa laifin. Bulon siminti mai inci shida, wanda aka fi amfani da shi saboda sauƙin kuɗi, rami ne a ciki, ga shi sau da yawa an cika masa yashi an rage siminti don buhu ɗaya ya fitar da bulo mai yawa. Bangon yamma da aka yi da shi yakan sha ranar la'asar, kafin magariba zafin ya ratsa ya shiga ɗaki, daidai lokacin da mutane ke shirin kwanciya. Shi ya sa a Afrilu za a ga magidanci ya bar ɗakin da ya kashe dukiyarsa a kai, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko a ƙofar gida, sauro na cizo, tsoron ɓarayi na hana shi runtsawa.

Maganar taga ta fi ban takaici, domin a nan kuɗi aka ƙara aka sayi wahala. Tsohuwar taga mai jerin faifan gilashi, wadda ake kira luba, in an buɗe ta kusan dukkan faɗinta ne ke shigar da iska, kuma ana iya karkatar da ita ko ana ruwa. Taga mai ja ta alminiyom da ta maye gurbinta, komai buɗe ta rabi kawai take bayarwa, tun da gilashi ɗaya kan bayan ɗaya yake komawa. A kan rabin nan a ɗora ƙarfen tsaro, a ɗora ragar sauro, a saki labule mai kauri. Sa'an nan ɗakin taga ɗaya gare shi, ko biyu a bango guda. Iska kuwa baƙuwa ce mai kunya, ba ta shiga ɗakin da ba ta ga ƙofar fita ba. A gidajen haya da aka jera ɗakuna suna fuskantar juna, aka manna bayansu da katangar maƙwabci don kada a yi asarar ko taƙi ɗaya na fili, babu ma inda za a fasa taga ta biyu. Tsakar gidan da ya rage an shafe shi da siminti ko an shimfiɗa intalok, an sare bishiyar da ke ciki wai tana zubar da ganye.

Wannan ba maganar jin daɗi kaɗai ba ce. Sanƙarau da zafi da ƙura yake tafiya, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimaka masa yaɗuwa. Annobarsa ta 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Tsoho mai hawan jini da jariri da mace mai ciki su ne ke fara jigata in ɗaki ya ƙi hucewa da dare. Zafin kuma ba raguwa yake yi ba: a farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5, a cikin wani zafi da ya game yankin Sahel. Ta fuskar aljihu ma lissafin ya canza. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tayar da janareto don fanka ta kwana tana juyawa ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin lantarki zuwa naira 225 kowane ma'auni ga waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'a 20 a rana. Wanda ya gina gidan da ba ya zaunuwa sai da lantarki, ya ɗaura wa kansa da magadansa harajin da ba ranar gama biyansa.

To, yaya magabata suka yi, su da ba su san fanka ba? Amsar tana cikin kalmomin da harshen ya adana. Tubali da ake mulmulawa da hannu a busar a rana, da shi ake tayar da bango mai kauri a ƙasa yana sirancewa a sama. Azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ita ake jerawa a yi rufin soro, a bi ta da zana ko kara, a ɗora ƙasa mai kauri. In ɗakin babba ne a yi masa ɗaurin guga, rufin ya yi sama ya ba iska mai zafi wurin taruwa nesa da kawunan mutane. A shafe waje da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso wanda ake haɗawa da katsin marina, don ruwa ya zame ya bi ta indararo. Hikimar da ke cikin wannan duka ita ce jinkiri. Ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, sai bayan sa'o'i masu yawa yake isa ciki, a lokacin dare ya raba, gari ya yi sanyi. Da rana soro na da sanyi, da asubar hunturu kuma yana da ɗumi, bango ɗaya yana aiki biyu ba a biya shi ko kwabo ba. Zaure da shigifa suna tare ƙura da idon baƙo, tsakar gida da bishiyarta da rumfarta su ne falon gaskiya na iyali. Magina sun kuma san hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ne suka fi ba kulawa wajen yaɓe. Wanda yake son ganin iyakar wannan fasaha ba sai ya yi nisa ba: Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830, shaida ne. Baƙi ma sun zo sun auna sun rubuta, kamar Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan wanda aikinsa ya haifar da gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, da J. C. Moughtin da littafinsa a kan ginin Hausa ya fito a 1985.

Sai dai a yi adalci. Mutanen da suka bar ginin ƙasa suka kama siminti ba wawaye ba ne. Soro yana son yaɓe kusan kowace shekara, in an yi sakaci damina ɗaya ta isa ta kawo shi ƙasa, kuma ruwan Kaduna ya fi na Kano da Katsina yawa nesa ba kusa ba. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Ma'aikacin masaƙa da ke fita aiki tun asuba ba shi da lokacin gayyar yaɓe. Ga kuma abin da ya fi waɗannan duka ƙarfi, watau suna: tun zamanin kuɗin Udoji da jiragen siminti da suka cunkushe tashar Ikko a 1975, gidan ƙasa ya zama alamar wanda bai samu ba, gidan bulo da kwano ya zama shaidar arziki. Mai neman aure ya san wannan, mai ba da haya ma ya sani. Ba kuma duk abin da aka gada ne alheri ba. Gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa don mai jego, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun nuna a shekarun 1970 cewa shi da yawan shan kunun kanwa suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Zazzau. Ƙananan tagogin soro ma sukan bar ɗaki da duhu da hayaƙi. Saboda haka kiran a koma gidan jiya kacokan, zance ne na wanda bai taɓa kwana a ɗakin da ke yoyo ba.

Abin da ya dace a ɗauko daga jiya shi ne dalilin ginin, ko da an bar siffarsa. Akwai waɗanda suka riga suka gwada, kuma ba a Turai ba. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa da aka ɗan haɗa da siminti aka matse. Bai guji kwano ba, sai ya ɗaga shi sama a kan ƙarafa, ya bar sarari tsakaninsa da silin na tubali, iska tana ratsawa tana kwashe zafin kafin ya sauko. Kwanon ya zama laima, yana kare bangon daga ruwa, ƙasar kuma tana aikinta na sanyaya aji. Wannan tunani ne ya kai shi ga lambar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. A ƙasar Hausa ta Nijar ma, a garin Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci da matsattsen tubali a 2018, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu. Shi tsohon kuwa aikin Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986. A nan gida, cibiyar binciken gini da hanyoyi ta tarayya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe da ƙera injin matsa tubalin jar ƙasa. Har gidan da ƙungiyar DARE ta gina da robobin ruwa cike da yashi a ƙauyen Yelwa kusa da Kaduna a 2011, wanda 'yan jarida suka yi ta zuwa kallo, sirrin sanyinsa bai wuce kaurin bango ba. Jar ƙasa kuwa ba a rasa ta a Kaduna, ita ce ma ake haƙowa daga ramin harsashi da na masai a biya mai tifa ya kwashe, a shekarun da buhun siminti ya haura naira 10,000, kamar yadda aka gani a farkon 2024.

Ko wanda ya ce shi dai bulo zai yi, akwai abubuwan da ba su bukatar ƙarin kuɗi sai ƙarin tunani. In fili ya ba da dama, a miƙar da gida ta yadda dogayen bangayensa za su dubi kudu da arewa, a bar wa yamma ɗan guntun bango, a ajiye makewayi ko ɗakin ajiya a can su sha ranar a madadin ɗakin kwana. A sako bakin rufi ya fito sosai ya yi wa bango da taga inuwa. A fasa wa kowane ɗaki kafa biyu a bangaye dabam-dabam, da wata ƙarama can sama kusa da silin, tun da iska mai zafi sama take hawa. Kuɗin da za a zuba a tsinin rufi a sayi kwano mai haske da su, a shimfiɗa takardar alminiyom mai mai da zafi a ƙarƙashinsa, ko a ɗora wani abu mai kauri marar nauyi a bisa silin. Wannan shimfiɗa ita ce kuma maganin hunturu, domin abin da ya hana zafi shigowa da rana shi ke hana ɗumi tserewa da dare. Ɗakin da ya riƙe ɗuminsa ba ya bukatar kaskon gawayi, wanda in aka kwana da shi a rufaffen ɗaki yakan fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, ta ɗauke mutane cikin barci, kamar dai yadda hayaƙin janareto ke yi in an kusanto da shi taga saboda tsoron ɓarawo.

Hukuma ba ta jahilci wannan ba. A 2017 Ma'aikatar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ta tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta yi maganar shimfiɗar hana zafi a rufi da yi wa tagogi inuwa. Amma da Turanci aka rubuta ta, kuma da mai zane da injiniya take magana, mutanen da ba su taɓa taka yawancin filayen Unguwar Mu'azu ba. Hukumar KASUPDA, mai ba da izinin gini a jihar, tana da ikon da za ta sa tagogi biyu da kafar iska a rufi su zama abin da ake dubawa kamar yadda ake duba ko gini ya ci hanya. Sai dai tsoron jami'i ba zai kai inda fahimtar birkila za ta kai ba. Birkila da kafinta su ne makarantar gini ta talaka, kuma da Hausa suke koyar da yaransu. Ga shi har yau babu wata tsayayyar kalma da aka yarda da ita ga shimfiɗar nan ta hana zafi, alhali makuba da laso da ɗaurin guga suna ficewa daga bakin matasa. Ƙaramin littafi mai zane da Hausar da magini zai gane, ko shiri a gidan rediyon tarayya na Kaduna da ake saurare har ƙauye, zai fi taron ƙara wa juna sani goma a otal amfani, kuma aiki ne da masu nazarin harshe da masu nazarin gini za su iya haɗuwa a kai.

Saura gidajen da aka riga aka gama, waɗanda su ne mafi yawa, musamman na haya, inda mai gida ne ke da ikon gyara amma ɗan haya ne ke shan zafin. Su ma ba a makara ba. Farin fenti a kan tsohon kwano yana rage zafin da yake sha ƙwarai, ko da yake ƙurar hunturu za ta sa a riƙa wanke shi. Kafinta zai iya buɗe kafar iska a kusurwar rufi ya sa mata raga cikin yini ɗaya. Rumfar zana ko ta kara a jikin bangon yamma ba ta fi ƙarfin kowa ba. A cire intalok kaɗan a tsakar gida a dasa darbejiya ko mangwaro da farkon damina, nesa kaɗan da harsashi da ramin masai saboda saiwa, a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando don awakin unguwa.